Kurakuran da aka fi yi wajen tattara ciyayin dangin aya a duwatsun Afirka ta Kudu

Aya da kajiji da aya-aya 'yan gida ɗaya ne, dangin da masana ke kira Cyperaceae. Mu a fadama da gona muka san su, amma a duwatsun kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, irin su Cederberg da Swartberg, akwai 'yan uwansu da ke tsirowa a tsagar dutse, cikin ƙananan itatuwan dajin da ake ce wa fynbos. Har yau ana gano sababbin jinsuna a can. Sai dai samfura da yawa da ake saukowa da su ba sa amfanuwa, domin an baro abin da ake gane tsiron da shi a kan dutse.

Babban laifin shi ne tsinke kai a bar gindi. Ƙasar wurin tauri gare ta, saiwa ta kama tsakanin duwatsu, mutum ya ja ya ja ta ƙi, sai ya yanke daga sama ya wuce. To a jinsunan Schoenus na yankin, wato wani reshe na wannan dangi, rabin shaidar tana ƙasa: launin kuben ganye, ko ja ne ko ruwan ƙasa, ko ya tsattsage ya zama zare-zare, ko yana da danƙo har yashi ya manne masa. Wani rukuni ma da wannan danƙon ake fara ware shi. A tafi da 'yar diga ko wuƙa mai kauri, a haƙa ta gefe, a ɓanɓaro yanki daga tushen tare da saiwarsa. A kakkaɓe ƙasar da yatsa. Kada a wanke da ruwa, kuma a rubuta "yana da danƙo" tun a wurin, domin idan ya bushe ba kowa ke iya ganewa ba.

Sai zuwa kafin lokaci. Fure kaɗai ba ya raba gardama a wannan dangi. Ƙwayar da ta nuna ce ke yi. Ƙwayar 'yan milimita ce, amma siffarta da santsin bayanta da abin da ya rage a samanta su ne hujja. A jinsunan Ficinia, wani reshen dangin, alal misali, akwai wani ɗan faifai a gindin ƙwayar wanda ake gane su da shi. Gwajin mai sauƙi ne: a murje ƙaramar zangarniya ɗaya a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a duba da gilashin da ke ƙara girma sau 10. Idan ƙwayar ta yi tauri ta yi duhu, an zo daidai. Idan kore ce mai laushi, za ta yamutse idan aka matse samfurin don ya bushe, siffarta ta ɓata. Idan babu komai, ko ta zube ko ƙwaro ya riga ka. Wadda ta nuna kuma ba ta zama a zangarniya, don haka a zuba wasu a ƙaramin ambulan na takarda, a rubuta masa lambar samfurin nan take.

Akwai kuma masu riƙe da ƙa'idar nan ta cewa karan dangin aya kusurwa uku gare shi. A kan aya gaskiya ce. A kan dutsen fynbos tana yaudara, don Schoenus da yawa karansu zagayayye ne, kuma ga wani dangi daban, Restionaceae, ya cika wurin da kamanni iri ɗaya. Bambancin yana ga kube: na Restionaceae a tsage yake har ƙasa, kuma namiji daban mace daban, kowa da tushensa. Ciyawa ta gaskiya kuwa gaɓoɓi gare ta kamar dawa, cikinta galibi rami.

Matsi ba shi da wuya, amma ana ɓata shi. Takardar da ake liƙa samfur a kai kusan santimita 42 ce a tsawo, 29 a faɗi, saboda haka dogon kara naɗe shi ake yi ya yi siffar V ko N, ba a datse shi. Tushe mai kauri a tsaga shi biyu. A canza jaridar da aka matse samfurin a cikinta kullum a kwanakin farko, in ba haka ba gindin ya yi fumfuna alhali ganyen ya bushe. Ajiye samfur a leda na kwana ɗaya ne kawai. Ganyen da za a yi gwajin ƙwayar halitta (DNA) da shi a ware shi cikin garin silika mai shanye danshi, kimanin ninki goma na nauyinsa.

Bayanin da ke kan takardar shaidar samfur shi ne wurin da lalaci ya fi fitowa. "A kan dutse" ba bayani ba ne. Wane dutse? Na yashi ne ko na laka mai ɓarewa falle-falle? Gangaren yana kallon arewa ko kudu? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a can gangaren da ke kallon arewa shi ke shan rana, ya fi bushewa. A sa lambobin GPS da tsayin wurin da kwanan wata, a kuma ƙiyasta shekara nawa rabon wurin da gobara. Fynbos daji ne mai rayuwa da wuta, tsiron da ya toho bayan gobara kan yi laushi da yawan fure, har ka rantse ba shi ne wanda ya shekara goma bai ga wuta ba.

Daga nan ne gaggawar cewa "sabon jinsi ne" ke shigowa. Tsiron da ya tsumbure a tsagar dutse sau da yawa sanannen jinsi ne da ƙishirwa ta hana shi girma. A ɗauko daga tushe biyar zuwa goma a wuri guda, manya da ƙanana, a auna, a kwatanta da samfuran asali, wato waɗanda aka raɗa wa jinsunan suna a kansu, a ma'ajiyar busassun tsirrai ta Bolus a Jami'ar Cape Town ko ta Compton a Kirstenbosch. A lura da sunaye ma: a 2017 Tammy Elliott da Muthama Muasya sun mayar da jinsuna da dama daga reshen Tetraria zuwa Schoenus, don haka wanda ya duba ƙarƙashin suna ɗaya kawai a ma'ajiya zai iya tsallake tsohon samfurin abin da yake zaton sabo ne.

Idan an tabbatar, suna ba ya zama sai an bi dokar raɗa wa tsirrai suna. Dole a ayyana samfur guda na asali da ma'ajiyar da yake, kuma tun daga 1 ga Janairun 2012 ana karɓar bayanin siffa da Latin ko da Turanci. Kafin duk wannan, tun ba a taka dutsen ba, a nemi izinin tattarawa daga CapeNature, hukumar kula da dazuzzukan lardin, ko hukumar gandun dajin ƙasar, domin ma'ajiya na iya ƙin karɓar samfurin da ba shi da lambar izini.