Yadda ake ɗaukar mussa a fim ɗin gidan kaso

Mussa ba ta jin umarni, abinci take bi. Ku kai ta ɗakin ɗauka kwana 3 kafin ranar, ta shinshina ko'ina ta saba. Wanda zai fito a ɗan kaso shi kaɗai zai riƙa ciyar da ita. Ranar aiki ya shafa man sardin a yatsu, da kanta za ta hau cinyarsa.

Zafin Maraɗi a Afrilu yakan wuce digiri 40, ga fitilu. Ku yi da sassafe, ruwa na kusa. In ta buɗe baki tana haki, ku tsaya nan take. Kar a buga ƙofar ƙarfe gabanta, ɓuya za ta yi. A sa ƙarar wajen tacewa. Maganin barci kuwa, kar ku kuskura, yana iya kashe ta.