Kurakuran da masu zuwa farautar ragon dutse suka fi yi

Gidanmu a cikin birnin Zariya gidan maharba ne, kuma na taɓa raka kawuna farautar bunsurun dutse a Kirgistan, irin wadda ake biyan kuɗi a yanki lasisi a bi ɗan jagora. Tun daga nan duk wanda abin ya ba shi sha'awa sai a turo shi wurina. Na lura yawancinsu tambaya ɗaya suke fara yi: nawa ne tsawon ƙahon? Ita ce kuwa tambayar da ya kamata ta zo a ƙarshe, domin wannan farauta tun daga gida ake cin ta ko a faɗi.

Babban kuskure shi ne raina tsauni. Zariya ba ta kai mita 700 sama da teku ba. Ragon Marko Polo kuwa, wani babban ragon dutse mai dogon ƙaho, a tsaunukan Pamir na Tajikistan yake, inda ake bin sa a sama da mita 4,000. A can iska ba ta ƙosar da huhu. Ka yi taku ashirin ka tsaya kana haki, kai ya riƙa sarawa, abinci ya fita ranka, barci ya ƙi zuwa. Daren farko a sansani kawu ya tashe ni wajen ƙarfe biyu, yana zaune dafe da goshi, ya ce, "Ɗan nan, kaina kamar ana daka sakwara a ciki." Na ce, "Kawu, gobe da jibi ba hawa, mu zauna jiki ya saba." Bai so ba, don yana lissafin kuɗin kowace rana, amma hutun kwana biyun nan shi ya ceci tafiyar. Ƙa'idar likitoci ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. In ciwon ya tsananta, mutum ya fara tangaɗi ko tari mai kumfa, babu magani sai sauka, kuma a lokacin, ba sai da safe ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman wanda kamfanonin farauta ba kasafai suke tambaya ba: rukunin jini. Mai ɗauke da AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya, yana yawo lafiya ƙalau a Samaru, amma a kan tsauni mai tsayi ƙarancin iska na iya toshe masa jijiyoyin saifa, ciwo ya turnuƙe shi a gefen hagu na ciki. Kafin ka biya ko sisi, je asibiti a duba jininka da zuciyarka, ka gaya wa likita ainihin tsayin wurin da za ka. Sannan ka ba ƙafafunka wata uku zuwa huɗu. Ga dutsen Kufena nan kusa. Hau shi da sassafe da jaka mai nauyi a baya, sanye da takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi a kan tsauni ƙuraje ne da sassaɓewar dunduniya tun ranar farko.

Sai batun takardu, inda aka fi yin asarar dukiya. Akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke kula da fitar da namun daji da sassan jikinsu daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma Nijeriya na cikinta. Markor, wato bunsurun nan mai murɗaɗɗen ƙaho na Pakistan, yana cikin rukuni na farko, mafi tsanani. Shi dole ka samu takardar shigowa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin can su ba ka ta fitarwa. Ragon dutse irin na duwatsun Azbin a Nijar yana rukuni na biyu, wanda takardar fitarwa ce ginshiƙinsa. Ban da wannan ga takardar likitan dabbobi, ga izinin hukumar da ke killace kayan gona da na dabbobi a filin jirgi. Mutane sukan bari sai sun harba sannan su fara neman takarda. Ƙaho ya yi shekara a sito a wata ƙasa ana caje ka kuɗin ajiya, ko ya iso kwastan su riƙe, kuma suna da gaskiya.

Mu ma mun ɗanɗana. Dillalin da ya haɗa mu da masu sansanin ya karɓi kafin alƙalami, ya ce komai na ciki. Sai da muka gama muka ji cewa wanke ƙoƙon kai, sa wa fata gishiri, akwati da kuɗin jirgin kaya duk daban ne. Maganin wannan shi ne rubutu. A rubuta maka lambar lasisin da sunanka, sunan yankin da aka ba kamfanin, kwana nawa za a yi ana farauta ban da na hanya, da abin da za a mayar maka in ba a samu dabba ba. Ka kuma nemi lambar mutum biyu da suka je bara ka kira su da kanka. Wanda ya kawo maka markor da araha, ka gudu. Guda 12 kacal aka yarje wa Pakistan a shekara, lasisin ɗaya yakan haura dala 100,000, kuma kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana komawa ga ƙauyukan da ke gadin dabbobin. Wannan tsari yana cikin abin da ya sa yawansu ya farfaɗo har aka sassauta matsayinsu a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa a 2015. Araha a nan sata ce, kuma daga bakin talakawan tsauni ake cire ta.

Bindiga kuwa, kada ka wahalar da kanka da fita da taka daga nan. Hayar ta sansani ta fi sauƙi. Amma kada ka hau dutse ba ka gwada ta ba. Kwanta a ƙasa, ɗora ta a kan jaka, ka yi harbi a mita 100, sannan 300. Wanda ya saba da bindigar tsuntsaye a fadama bai san harbin mita 300 ba. Ka sani kuma harsashi yakan sauka sama da inda ka auna in kana harbi zuwa tudu ko gangara, haka ma a siririyar iskar tsauni. A yawancin sansanoni, da zarar an ga jini a kan dutse an lissafa ka harba, ko an samu dabbar ko ba a samu ba. Ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, dabbar ce da za ta kwana uku tana jan ƙafa kafin ta mutu. In numfashinka bai daidaita ba, ko dabbar na tafiya, ka janye yatsa.

Gaggawa ita ke sa a harbi ƙaramin rago. Ƙahon waɗannan dabbobi ba ya faɗuwa, kowace shekara yana ƙara zobe ɗaya, don haka ɗan jagora zai kwanta da madubin hangen nesa yana ƙirga zobba kamar mai ƙirga tasbaha. Namu ya yi kusan awa guda a haka, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, sannan ya nuna mana yatsu bakwai ya girgiza kai. Kawu ya ji zafi, don a idonmu ƙahon ya kai. Wanda ake nema shi ne tsoho mai shekara goma ko fiye, wanda ya gama barbara ya bar baya. Kakana ma bai san CITES ba, amma ba ya harbin mace mai ciki, ba ya taɓa ɗan da ke bin uwa. Kada ka matsa wa ɗan jagora da alkawarin goro don ya sassauta. Ya fi ka sanin dutsensa, kuma shi zai zauna da abin da ya rage bayan ka hau jirgi.

Akwai kuma wanda malamanmu za su tambaye ka in ka dawo. A cikin Risala an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Saboda haka tun kafin tafiya ka tambayi inda naman zai je. Ka yi bisimilla yayin harbi, in ka iske dabbar da sauran rai ka yanka, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka, ba a cikin jakar da aka bari wurin dawaki ba. Namu bunsurun a rana ta takwas aka same shi, zobba goma sha ɗaya. Mun ci hanta da haƙarƙari a sansani a daren, sauran aka ɗaure a bayan doki aka gangara da shi gidajen makiyaya uku da ke gindin kwarin.