Yadda Za Ka Ci Moriyar Zaman Karatu da Bitar Ƙungiyar Marubuta a Zamfara

Akwai matasa da dama a Gusau, da Talata Mafara, da Ƙauran Namoda waɗanda suka cika littattafan rubutu da labarai da waƙoƙi, suka adana su a ƙasan akwati ko a cikin waya, ba tare da wani ya taɓa karanta musu layi ɗaya ya ce ga inda suka yi daidai, ga kuma inda suka kauce ba. Irin waɗannan ne ƙungiyoyin marubuta suka fi yi wa amfani, kuma dominsu na yi wannan bayani, saboda na lura cewa da yawa suna shiga ƙungiya su biya kuɗin rajista, su halarci taro biyu ko uku, sannan su janye jiki alhali rubutunsu bai ƙaru da komai ba. Abin da ke jawo haka shi ne zuwa hannu rabbana. Ribar ƙungiya tana ga wanda ya ɗauko rubutunsa ya ajiye a gaban jama'a, ya kuma yarda a yi masa gyara.

Abin da za ka fara yi shi ne neman ƙungiyar da ke aiki da gaske. Babbar inuwar marubutan ƙasar nan ita ce Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda aka fi sani da ANA, wadda marigayi Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, kuma tana da rassa a jihohi. Baya ga ita, akwai ƙananan ƙungiyoyi da ɗalibai kan kafa a manyan makarantu, da waɗanda ke haɗuwa ta WhatsApp. Hanya mafi sauƙi ta samun bakin zaren ita ce ka tambayi malaman Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru, ko masu gabatar da shirye-shiryen adabi a gidajen rediyo, domin su ne ake yawan gayyata idan za a yi taro. Idan ka samu, kada ka yi gaggawar biyan kuɗi. Ka halarci zama biyu a matsayin baƙo, ka zuba ido ka ga abin da ke cinye lokacin. Idan ka ga ana karanta rubutu ana tattauna shi layi bayan layi, to ka zo inda ya dace. Idan kuwa zancen zaɓe da muƙamai da ɗaukar hoto ne ke cinye zaman, ka nemi wata. Yana da kyau kuma ka tambaya ko ƙungiyar tana da tsarin mulki a rubuce, kuma ko ma'aji yana karanta wa mambobi bayanin kuɗin wata-wata da aka tara.

Daga cikin dukan abubuwan da ƙungiya ke shiryawa, babu wanda ya kai zaman karatu muhimmanci a ganina. Shi ne zaman da mambobi ke haɗuwa, galibi sau ɗaya a wata, a wani ajin makaranta ko ɗakin karatu, wasu su karanta abin da suka rubuta, sauran su yi sharhi. Shirinsa daga gida yake farawa. Ka zaɓi rubutu gajere, shafi uku ko huɗu idan labari ne, ko waƙa guda ɗaya, wanda ba zai wuce minti goma ba wajen karantawa, domin idan ka kawo babi biyar, masu sauraro za su gaji kafin ka kai inda kake buƙatar taimako. Ka sa lamba a kowane shafi, ka rubuta sunanka da kwanan wata a samansa, ka kai shagon kwafi a fitar maka da guda biyar ko shida, saboda wanda ke riƙe da takarda a hannu yana iya ja maka layi a ƙarƙashin kalmar da ta ɓaci, wanda kuwa ya saurara da kunne kawai ba zai tuna da ita ba. Kafin ranar, ka karanta shi da ƙarfi kai kaɗai sau biyu. Duk inda harshenka ya sarƙe ko numfashinka ya ƙare kafin jimlar ta ƙare, wurin yana da matsala, kuma gara ka gyara shi tun kafin a nuna maka.

Idan aka ba ka dama, kada ka fara da ba da haƙuri ko dogon bayanin abin da kake nufi da labarin. Ka faɗi sunansa, ka karanta a tsanake, ka rufe bakinka. Wannan shirun shi ne abu mafi wuya ga sabon marubuci, domin da zarar an ce wani wuri bai fito ba, zuciya takan yunƙura ta kare shi. Amma ka tuna cewa ranar da littafin ya shiga kasuwa ba za ka bi kowane mai karatu gida kana yi masa fassara ba, saboda haka duk abin da mutane uku a ɗakin suka kasa ganewa, takardar ce ta kasa faɗinsa. Ka riƙe biro ka rubuta duk abin da aka faɗa, har wanda ba ka yarda da shi ba, sai an gama sannan ka yi tambaya.

Ranar da na fara karatu a irin wannan zama, labari na kawo na wata tsohuwa a wani ƙauye na yankin Maru tana ba jikarta labarin yadda baƙi suka sauka a gidansu. Da na gama, wani dattijon malami da ke zaune kusa da taga ya cire tabarau ya ce: "Ɗana, wannan tsohuwa taka 'yar ina ce?" Na ce: "Malam, 'yar ƙauyen ce, a nan aka haife ta." Sai ya ɗora yatsa a shafi na biyu ya ce: "To, ni ban taɓa jin tsohuwar yankin nan ta ce 'da suka zo' ba. 'Da sunka zaka' za ta ce. Ka mayar mata da bakinta." Na koma gida na sake rubuta duk maganganunta da Zamfarci, inda "me" ya koma "mi", "faɗi" ya koma "hwaɗi", "ya zo" ya koma "yaz zo" a inda ya dace, sai na ga tsohuwar ta tashi da rai a kan takarda. Tun daga ranar na riƙe ƙa'idar da nake ba duk marubucin wannan yanki shawara a kanta: muryar mai ba da labari ta kasance da daidaitacciyar Hausa domin ɗan Kano da ɗan Zariya da ɗan Damagaram su bi ka ba wahala, amma a bar taurarin labari su yi magana da karin harshen garinsu. Wannan gyara ne da ba za ka same shi ba sai a wurin mutanen da suka tashi da kunne irin naka, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ƙungiyar gida ta fi maka wadda ke nesa.

Kai ma za a nemi ra'ayinka a kan rubutun wasu, kuma wannan haƙƙi ne da ya kamata ka sauke da gaskiya. Cewa "masha Allahu, ya yi kyau" kawai ba ya ƙara wa ɗan'uwanka komai. Ka fara da faɗin abin da ka fahimta daga rubutun, ka nuna wurin da ya kama ka da dalilin haka, sannan ka nuna shafi da layin da ka ga rauni. Ka yi magana a kan takarda, ka bar mutumin da halinsa, kuma idan wanda ya karanta ya girme ka, ladabi bai hana ka cewa: "Yaya, ina ganin wannan baitin ya fi sauran tsawo."

Bita kuwa ta bambanta da zaman karatu, domin ita ana gayyato masani ne ya koyar da fanni guda na wuni ɗaya ko biyu. Kafin ka ba da sunanka, ka tambayi wanda zai koyar, da abin da zai koyar, da kuma ko za a yi aiki a aikace ko jawabi ne zalla. Wanda ya je don takardar shaida ko kuɗin mota zai dawo da su, amma alƙalaminsa yana nan yadda yake. Idan bita ɗaya kaɗai za ka iya halarta a shekara, ka zaɓi ta ƙa'idojin rubutun Hausa, domin a nan mafi yawanmu muke tuntuɓe. A nan za ka koyi cewa "yana" da "tana" da "suna" a haɗe ake rubuta su, amma "za a" da "ba a" da "shi ne" a rabe suke, kuma za ka ga irin ɓarnar da barin haruffa masu ƙugiya ke yi, inda "ƙafa" ke komawa "kafa", "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Uzurin waya ya riga ya ƙare, domin manhajar Gboard tana da allon Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Ka je bitar da shafi biyu na rubutunka, kuma duk ƙa'idar da aka faɗa ka duba ta a jikinsa nan take da jan biro.

Bitar waƙa tana buƙatar haƙuri fiye da sauran. Za a yi maka bayanin ɗango, wato layi ɗaya na waƙa, da baiti, da waƙa 'yar tagwai da 'yar ƙwar biyar, da amsa-amon ciki da na waje, sannan a zo kan kari, wanda shi ne ke korar mutane. Tushensa mai sauƙi ne: gaɓar Hausa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi. A kalmar "gida", gaɓar farko marar nauyi ce, ta biyu mai nauyi saboda wasalinta dogo ne, a "hannu" kuwa duka biyun masu nauyi ne. Jeruwar waɗannan gaɓoɓi bisa tsari ɗaya daga ɗango zuwa ɗango ita ce kari. Idan lissafin ya rikice maka, ka rera waƙar kana buga yatsa a kan tebur, duk inda ka ga sai ka ja wata kalma ko ka haɗiye wata kafin ta zauna, a nan karin ya karye. Ɗan Zamfara bai kamata ya ji tsoron wannan fanni ba, tunda ƙasar da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi ta riga ta horar da kunnensa tun yana yaro, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan nazarin waƙar baka waɗanda ya kamata kowace ƙungiya ta ajiye a ma'ajiyar littattafanta.

Ga 'yan'uwa mata, tarnaƙin ya fi yawa, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Ki tambaya tun farko ko ana yin zaman da rana a wurin da iyaye ko maigida za su natsu da shi, kuma idan da hali ki je tare da wata. Haɗuwar mata don karatu da waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi, inda jagororinsu da ake kira jaji ke ɗaukar waƙoƙin ilimi suna kai wa matan ƙauyuka. Ga waɗanda ke Tsafe ko Zurmi ko Anka ko Shinkafi, halin tsaron hanyoyi ya sa ba kowane wata ne za a iya zuwa Gusau ba, kuma babu zaman karatun da ya cancanci a yi tafiyar dare dominsa. Sai a roƙi ƙungiya ta karɓi rubutu ta WhatsApp, a karanta shi a zaman, a turo sharhin da saƙon murya. Sai dai kada a bar rubutu a waya kaɗai. Wanda ya ga yadda aka katse layukan sadarwa a jihar nan a watan Satumba na 2021 ya san amfanin ajiye kwafi a takarda.

Ƙungiyoyi kan kuma taimaka wajen shiga gasa, kuma gasa tana da tsohon tarihi a adabinmu, tunda wadda Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ce ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin marubutan ƙagaggun labarai. A yau akwai Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Ki karanta sharuɗɗan kowace shekara da kanki, musamman adadin kalmomi da ranar rufewa, ki kawo labarin zaman karatu aƙalla wata guda kafin ranar, kuma kada ki bari wani ya sake rubuta miki shi da sunan gyara. Idan ƙungiya ta ce za ta fitar da littafin haɗaka kowa ya kawo gudummawa, a nemi a rubuta yarjejeniya a kan adadin kwafin da za a buga, da rabon kowa, da cewa haƙƙin mallakar kowane rubutu yana hannun mai shi, a kuma tabbatar an karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Bayan an tashi daga zama, ka tattara kwafin da ka raba, domin a gefensu mutane suka yi maka rubutun da ba su faɗa da baki ba. Kada ka taɓa su a daren, saboda zafin suka bai huce ba tukuna. Ka bar su kwana bakwai, sannan ka shimfiɗa su gaba ɗaya, ka ware gyaran da mutum fiye da ɗaya ya nuna, ka fara da shi. Wanda mutum ɗaya ya kawo kuma zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, kana da ikon barinsa. Idan ka gama, ka sa sabon kwanan wata a saman shafin farko, ka ajiye tsohon kwafin a bayansa, ka gaya wa sakatare ya sa sunanka cikin masu karatu na wata mai zuwa, ka kuma ba dattijon da ya fi tsananta maka kwafinsa kwana biyu kafin zaman.