Yadda za ka yi tuƙi a cikin Kano idan ruwa ya kece

Duk wanda ya taɓa kasancewa a Zoo Road ko titin Zariya da yamma a watan Agusta hadari ya haɗo ya san yadda mutane ke rikicewa, ɗan adaidaita ya cuso kai ta hagu wani ta dama, na bayanka yana ta danna hon kamar hon ɗin ne zai ɗauke ruwan, kowa so yake ya riga ruwa isa gida. To ga yadda ni nake yi.

Tun kafin damina ta kankama ka duba waifa da taya. Suɗaɗɗiyar taya a jiƙaƙƙiyar kwalta wallahi sulɓi kawai take, ka taka birki motar ta ci gaba da tafiyarta. Ruwan farko ma ya fi santsi, don ƙura da baƙin man da suka kwanta a titi duk rani su ne ke tasowa.

Da ya fara zuba sai ka rage gudu ka kunna fitila ko da rana ce. Dan Allah ka bar hazad ɗin nan, wato siginar dama da hagu masu ƙyaftawa tare, in dai tafiya kake, yanzu kowa ya mayar da ita fitilar ruwa, alhali in tana kunne na baya ba zai gane inda za ka juya ba. Tazarar da ka saba bari ka ninka ta, musamman bayan adaidaita, don shi duk inda ya hango fasinja a rakuɓe nan zai ja birki ba sigina. In gilashi ya yi raɓa kunna esi ka juya iskar ta bugi gilashin, in babu esi sauke na gefe kaɗan.

Inda ake yin asara shi ne wurin da ruwa ya kwanta, irin gadar ƙasa ko inda leda ta toshe kwata ruwa ya hau titi ya shafe komai, ba ka ganin rami ba ka ganin bakin kwatar. Kar ka faɗa. Tsaya ka ga mota irin taka ta wuce tukuna, ba jif ko tifa ba, kai da ƙaramar Corolla ina kai ina auna kanka da tifa. In ruwan ya kai rabin taya koma baya ka nemi wata hanya, in kuma gudu yake to santimita 30 kacal na iya ɗaga ƙaramar mota. In ka ga zai shigu, jira na gaba ya fita, ka bi tsakiyar titi don ya fi tudu, giya ɗaya, ƙafa a kan totur a hankali ba tsayawa, kuma kar ka haɗu da babbar mota a ciki don igiyar ruwan da za ta turo sai ta haye maka bonet.

Motarka ta mutu a cikin ruwan? Cire hannunka daga makulli. Sake tayarwa shi ke zuƙo ruwa cikin injin ya lanƙwasa ƙarfe, aikin da da busarwa ce ya koma sauke injin a wurin bakanike. Nemi matasa su tura ta gefe.

Da ka fito ka ɗan tattaka birki sau biyu uku ya bushe. Masu tafiya a ƙafa kuma a tausaya musu, ba daɗi mutum ya fito da farar shadda ka yi masa wanka da ruwan kwata. In ruwan ya fi ƙarfin waifa gangara gidan mai ka jira ya tsagaita, ban da ƙarƙashin bishiya ko allon talla ko turken wuta.