Kurakuran da masu koyon kodin suke tafkawa a wajen seshon

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Duk matashin da ya turo min aikinsa in duba, ko daga Agege yake a nan Legas ko Idi-Araba ko cikin masu koyo a Yaba, fuskar shafin tsaf, amma da na leƙa yadda ya riƙe seshon sai raina ya ɓaci. HTTP, wato hanyar da burawuza ke magana da saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin), ba ta tuna kowa, kowace buƙata sabuwa ce a wajenta, shi ya sa saba take ba burawuza wata doguwar lamba cikin kuki, wato ɗan bayanin da burawuza ke ajiyewa tana mayar wa sabar, asalin bayanan kuma su zauna a wajen sabar, wannan tsarin shi ake kira seshon. Kamar lambar da ake ba ka ne in ka ajiye kaya a tasha, duk wanda ya zo da ita shi ne mai kaya.

Na farko, kuma shi ne ya fi cin min tuwo a ƙwarya, barin seshon a cikin memorin saba. Masu gina shafi da Express ku nake nufi. In ka saka express-session ba ka faɗa masa inda zai ajiye ba, MemoryStore yake ɗauka, wato ma'ajiyar cikin memori, kuma masu express-session da kansu sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba don aikin gaske aka yi shi ba, yana zubar da memori, baya wuce furoses ɗaya, wato kwafi ɗaya na manhajar da ke gudana. Gargaɗin har a tamina yake fitowa amma wa ke karantawa? Na taɓa karɓar gyaran shafin wani Alhaji mai sarin albasa da tumatir a Mile 12, wanda ya fara aikin ya ɗora shi a kan PM2, manhajar da ke kunna shafin, da furoses da yawa. Kwastoma zai shiga, furoses ɗin farko ya san shi, ya danna kwando sai buƙatar ta faɗa wa na biyu wanda bai taɓa ganinsa ba, sai a ce masa ya sake shiga. Wani sa'in ya yi, wani sa'in ya ƙi, a kwamfutarka kuwa lafiya lau saboda furoses ɗaya kake kunnawa. Ga shi duk sanda aka sake tada sabar kowa ya fita waje, kwandon da mutum ya cika ya tafi. Alhaji ba ruwansa da wani MemoryStore, ni ya sani, tun kafin in fito daga sallar asuba yake kira yana cewa malam an sake korar min mutane, ƙarshe ma sai da ya zaftare min kuɗin aiki. Ni yanzu bana fara komai sai na haɗa Redis, ma'ajiyar bayanai da ke zaune daban da furoses ɗin, ta connect-redis, in sa wa kowane seshon wa'adin mutuwa. Wasu za su ce a kunna abin da ke manne mutum da saba ɗaya, ni ban yarda da shi ba, ranar da sabar ta faɗi kun dawo gidan jiya. In ba ka da kuɗin Redis ka zuba a databes ɗinka, haka Django, wata manhajar gina shafi, take yi tun asali a teburin django_session kuma ba wanda ya mutu.

Na biyu ya shafi kuɗin mutane ne, shi ya sa nake faɗa a kansa. Ka zuba oda cikin seshon, ka tura mutum shafin biya, kana zaune kana jiran ya dawo da kukinsa ka gane shi. Ƙanena, wa ya ce maka zai dawo? A garin nan mutum zai bar burawuza ya shiga manhajar banki ko ya danna USSD, waya mai ƙaramin memori ta kashe burawuzar, ko netwok ya ɗauke yana cikin danfo a kan gadar Third Mainland. Ko da ya dawo ma, tun Chrome 80 a 2020 kukin da ba a faɗi SameSite ɗinsa ba (saitin da ke faɗin ko kuki zai bi buƙatar da ta fito daga wani shafin) ana ɗaukarsa Lax ne, wato in wani shafin ya dawo da shi ta POST, hanyar tura fom, kukin ba zai biyo shi ba. Abin haushin, Chrome ta bar wata 'yar kafa ta minti 2 ga sabon kuki, sai ka gwada da sauri ka ga ya yi, kwastoma da ya daɗe yana zaɓen kaya shi kuma ya ƙi. An cire masa kuɗi, oda babu, sai zagi a WhatsApp. Kar ka ce za ka gyara da SameSite=None ka huta. Rubuta odar a databes kafin ya tafi, ka ba ta lambar shaida, ka bar webhook na Paystack ko Flutterwave, wato saƙon da kamfanin karɓar kuɗin ke turo wa sabarka kai tsaye, ya tabbatar maka an biya. Seshon ya ɗauki lambar mai shiga kawai, ba dukiyarsa ba.

Masu gina shafi da Flask, seshon ɗinku a cikin kukin kansa yake, sa hannu aka yi masa ba rufe shi aka yi ba, kowa zai iya buɗewa ya karanta. Na ga wanda ya zuba BVN a ciki, innalillahi. Kuma kuki in ya haura wajen bayit 4096 burawuza jefar da shi take shiru ba sallama. SECRET_KEY kuma, makullin sirrin da ake sa wa kukin hannu da shi, ba a tura shi GitHub inda ake ajiye kod, in ya riga ya tafi canza shi yau, goge fayil ɗin baya cire shi daga tarihi.

Canza lambar seshon da zarar mutum ya shiga: session_regenerate_id(true) a PHP, regenerate a Laravel da Express, Django kam login() ɗinta yana yi maka. Fita kuma ba share kuki ba ne kawai, kashe seshon ɗin a saba.

Sai masu wayo da suke ɗaure seshon da adireshin IP wai tsaro. Haba dai. Mutum yana kan MTN ya juya Airtel, ya isa ofis ya hau wayfay, IP ya canza sau nawa kenan? Korar kwastomominka kake ba ɓarayi ba.

A Django in ka taɓa wani abu can cikin jerin da ke cikin seshon ba za ta lura ba, sai ka sa request.session.modified = True. Wa'adin seshon na Django na asali mako 2 ne, na PHP daƙiƙa 1440, ni in da kuɗi a harkar bana barin ya wuce minti 30 ba motsi. Kunna saitin tsaron kuki na Secure da HttpOnly, in Express ɗinka na bayan Nginx, sabar da ke fara karɓar buƙata, ka saita trust proxy in ba haka ba kukin ba zai fita ba sam. Sannan ka sa umarnin clearsessions cikin cron, mai kunna aiki lokaci-lokaci, Django bata share matattun seshon da kanta, teburin kumbura zai ta yi har diski ya cika.