Yadda zaka riƙe shirin sa-kai na dattijai a Amurka ba tare da kuɗin tallafin ya zame maka bashi ba

Wannan na 'yan uwanmu ne dake Amurka masu ƙungiyoyin al'umma da suka yi rijista, ko wanda aka ɗauka aiki aka ce ga shiri nan riƙe, shi kuma bai san ta ina zai fara ba. Maganar kuɗin gwamnatin tarayya ce da hukumar AmeriCorps ke bayarwa domin dattijai 'yan shekara 55 zuwa sama su fito aikin sa-kai, sashen ana ce masa AmeriCorps Seniors, da can Senior Corps ake cewa kafin su canza suna a 2020. Tun daga farko in faɗa maka, abinda ke kashe irin wannan shiri ba rashin niyya bane, niyya kam kowa nada ita, takardu ne da lissafin awanni. Odita, wato mai binciken lissafin kuɗi, baya jin wallahi tallahi, takarda yake so ya gani, in babu toh kuɗin da ka riga ka kashe ana iya cewa ka maido su daga aljihun ƙungiya.

Fara da sanin wanne ka riƙe, don guda uku ne kuma dokokinsu ba ɗaya ba. Akwai Foster Grandparent da aka fara tun 1965, dattijo ko dattijuwa zai je makaranta ko gidan renon yara ya zauna da yaron da karatu ke ba wahala ko mai buƙata ta musamman, kamar dai kakansa. Akwai Senior Companion na 1974, shi kuma tsoho mai sauran ƙarfi ne ke zuwa wajen ɗan uwansa tsoho da baya iya fita, ya taya shi hira, ya raka shi asibiti ko kanti, 'yar gidan dake jinya ta samu ta ɗan huta. Sai RSVP, wato shirin sa-kai na 'yan ritaya da dattijai, da ya fara aiki a 1971, shi yafi faɗi, rabon abinci, koyarwa, kai mutane unguwa, kusan komai, kuma babu alawus a cikinsa, babu ruwansa da ko kai mai kuɗi ne ko talaka. Biyun farko su ne masu alawus, dala 4 a awa, kuma su ne masu ciwon kai, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Alawus ɗin nan ba albashi bane, ka nanata ma dattijanka wannan tun ranar farko, saboda tambayar da kowa zai fara yi maka kenan, "in na karɓa ba za'a yanke min tallafin abinci ko na haya ba?" Dokar 1973 data kafa tsarin ta ce ba'a cire masa haraji kuma ba'a lissafa shi cikin kuɗin shiga wajen duba cancantar irin waɗancan tallafin. Ka buga wasiƙa da kan takardar ƙungiya mai bayanin haka ka ba kowa kwafi ya riƙe, don ba kowane ma'aikacin ofishin walwala ne ya san dokar ba. Amma kafin mutum ya samu alawus sai kuɗin shigarsa na shekara bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba, ma'aunin kuma duk shekara sabo ake fitarwa, kar ka yi aiki da na bara. Ana iya cire wasu kuɗaɗen magani da asibiti kafin a lissafa, wannan na ceto mutane da yawa da zaka ɗauka sun wuce layi. Duk shekara ka sake dubawa, ya sa hannu kaima kasa, a fayil ɗinsa.

Sai binciken laifi, inda akafi faɗawa rami. Duk mai karɓar alawus, da duk ma'aikacin da ake biya daga kuɗin tallafin har kai kanka darakta, sai an masa bincike kala uku, rijistar masu laifin lalata ta ƙasa baki ɗaya, binciken jiha, da na zanen yatsu na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. Kuma dole a gama, ka duba sakamakon, ka rubuta cewa ka duba ka amince, KAFIN mutum ya fara ko da awa ɗaya. Ba wai a tura yau ya fara gobe sakamako ya biyo baya ba. Hajiya zata matsa maka, "ɗana ni fa a shirye nake, zaman gidan nan ya isheni", ka bata haƙuri ka ce Mama a ƙara sati ɗaya, don in ta fara kafin lokaci ana iya ƙin amincewa da kuɗin da aka biya a kanta. Ga kuma wani abu da ya shafe mu sosai, rubutun suna. Sunan da zaka bincika ya zama harafi da harafi yadda yake a katin shaidarsa na gwamnati. In kati ya ce Mohammed kai ka rubuta Muhammad saboda haka ka saba, ko ka sa Hauwa alhali kati ya ce Hawa, a wajensu wani mutum ka bincika daban. Karɓi katin a hannunka ka kwafa, kar ka rubuta daga baki.

Yanzu lissafin awanni, wanda a ganina shine zuciyar aikin gaba ɗaya. Ba da yawan mutane ake auna ka ba, da awanni ne. Suna da ma'auni da suke kira VSY, wato hidimar shekara ɗaya ta ɗan sa-kai ɗaya, awa 1,044 kenan. A dala 4, kowane ɗaya ya kama dala 4,176 na alawus. Misali ace ka yi alƙawarin 30, awa 31,320 kenan ka ɗauka a wuyanka, kuɗin alawus dala 125,280. Wanda bai sani ba sai ya ce ai mutum 30 zan nema kowa yayi awa 20 a sati shikenan, toh ba haka abin yake tafiya ba. In makarantu kake kai su, makaranta kusan sati 36 take buɗe a shekara, ga dogon hutun bazara ga na ƙarshen shekara, raba 31,320 gida 36 zaka ga awa 870 kake buƙata duk sati, a awa 20 kowa kaga mutum 44 kenan ba 30 ba, kuma wannan in babu wanda ya kwanta asibiti, babu wadda ta tafi gida ganin jikoki ta ce wata ɗaya ta share wata huɗu, babu ranar da ƙanƙara ta rufe hanya. Dattijai ne fa, dole duk wannan zai faru. Doka ta yarda mutum yayi daga awa 5 zuwa 40 a sati, don haka kana da wurin juyawa, wasu ka ƙara musu, ka kuma nemi wuraren dake aiki lokacin hutu ka tura su can. Duk ƙarshen wata ka buɗe kwamfuta ka haɗa awannin da aka yi ka gwada da waɗanda ya kamata ace an yi. In wata uku suka wuce kana baya, kira jami'in dake kula da tallafinka a hukumar ka faɗa masa da wuri, ya fi ace sai ƙarshen shekara ya gano da kansa, don mai kasa cika awanni shekara bayan shekara rage masa ake yi. Lokacin cike fom ɗin nema ma kar kwaɗayin babban kuɗi yasa ka rubuta adadin da baka da mutanen cika shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Takardar awanni kuwa a cike ta bayan an yi aikin, ba kafin ba, dattijon yasa hannu, mai kula dashi a wurin aikin yasa hannu da kwanan wata. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a gyara a sa hannu a gefe, banda goge-goge. Kai ma ma'aikaci haka, in rabin lokacinka na wannan shiri ne rabi na wani aikin ƙungiya, rubuta ainihin awannin da ka yi ma kowanne, kuma lokacin da ka ɓata wajen neman gudummawa ba'a ɗora shi kan tallafin.

Wuraren da kake tura su, makaranta ce ko asibiti ko cibiyar rabon abinci, kowanne sai kun sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma ana sabunta ta aƙalla duk shekara uku. Rubuta ranar ƙarewar kowacce a kalanda domin shiru take mutuwa ba wanda zai tuna maka. A ciki a fayyace wa zai kula da dattijon, wa zai bashi abincin rana, wa za'a kira in ya faɗi. Na Foster Grandparent kowane yaro da takardar dake nuna me ake so kakan ya taimaka masa dashi, na Senior Companion mai shiga gidajen mutane shima da takardar amincewa da masu gidan. Ka riƙa leƙawa da ƙafarka. Sau tari zaka tarar an maida Baba mai goge tebur ko mai gadin aji malama ta fita, ko 'yan gida sun maida Mama 'yar aiki tana wanke banɗaki, ita kuma kunya bazata barta ta faɗa maka ba sai dai kawai kaga ta daina zuwa. Haramun ne a sa ɗan sa-kai a gurbin ma'aikacin da ya kamata a biya, kuma ba aikin nas zasu yi ba.

Akwai abubuwan da doka ta hana ƙiri-ƙiri a cikin awannin shirin, kamfe ko tallan ɗan takara, karɓar kuɗi daga wanda ake taimakawa, da wa'azi ko koyar da addini. Na ƙarshen nan sai ka zauna ka yi bayani a tsanake, musamman in ƙungiyarku a jikin masallaci ko coci take. Ƙungiyar addini zata iya karɓar tallafin, ba'a hana ba, amma Malam bazai biya ma yara karatun allo ya rubuta a takardar awanni ba. In zai yi, bayan ya tashi, a lokacinsa na kansa.

Kuɗi. Gwamnati bata biyan duka, kashi 90 nata, aƙalla kashi 10 na jimlar kasafin naku ne. RSVP da can hawa yake yi, 10 a shekarar farko, 20 a ta biyu, 30 daga ta uku, aka sassauta shi a 2024. Kason naku ba lallai tsabar kuɗi ba, ɗakin ofis da aka baku kyauta, abincin da makaranta ke ba dattijai, duk suna shiga, sharaɗin dai akwai takarda mai sa hannun wanda ya bayar da yadda aka ƙiyasta kuɗin abin. Kar ka ɗauko wani kuɗin tarayya ka cike gurbin dashi sai in dokar wancan kuɗin ta yarda. Asusun shirin a littafinku ya zama daban, kowane rasit a ajiye, kuma kar ka jawo kuɗi da yawa ka jibge a banki, jawo abinda zaka kashe nan kusa. Rahoton kuɗi duk wata shida ne, lambobin ciki su dace da na littafinku kobo da kobo. Rijistar ƙungiya a SAM.gov, shafin gwamnatin tarayya da masu karɓar kuɗinta ke rijista, duk shekara ake sabuntawa, mutane na mantawa sai lokacin sabunta tallafi yazo su tarar ta mutu.

Duk wannan takardun dai baza su riƙe maka mutum ɗaya ba in baka kula da su kansu dattijan ba, kuma in suka watse awanni sun watse. Abu na ɗaya sufuri. Dala 4 a awa bata kai ace mutum ya cire kuɗin bas daga ciki ba, kasafin ya yarda ka biya kuɗin mota da na abinci, toh biya, kuma akan lokaci. Ranar biyan alawus kar ta motsa, wanda ke jiran dala 160 na sati biyu ya riga ya gama lissafinta kafin ta shigo. Ka haɗa mutum da wurin dake kusa da gidansa ko da ba can ne akafi buƙata ba. Inshora dole ce, ta hatsari, ta abinda ka iya faruwa da wani ta dalilinsu, da ƙarin ta mota ga masu tuƙi, ka karɓi kwafin lasisi da inshorar motarsu kana duba ranar ƙarewa. Horo awa 20 kafin su fara, sannan awa 24 a shekara, kar ka maida shi lacca da rubutu ƙanana a bango, yi shi da shayi da abinci, ka bar waɗanda suka daɗe su koya ma sababbi, sun fi ka sanin yadda ake lallaɓa yaro mai taurin kai. Da yawansu imel baya gabansu, waya zaka kira, kuma in ka kira a gaisa tukunna, ya jiki ya iyali, kafin ka shiga maganar fom. Bikin karramawa na shekara shima yana cikin abinda kasafi ya halatta, kar ka raina shi, shaidar yabo da hoto da kiran sunan mutum gaban jama'a na riƙe wasu fiye da alawus ɗin.

Neman sababbi kuwa, fosta bata kawo kowa. Dattijuwa ɗaya da ta ji daɗin shirin zata kawo maka ƙawayenta uku. Ka kafa kwamitin shawara na mutanen gari kamar yadda doka ta buƙata, amma ka sa masu faɗa a ji na gaske a ciki, kuna zama kuna rubuta abinda aka tattauna.

Tallafin yawanci zagayen shekara uku ne amma kuɗin shekara-shekara ake saki, kuma babu tabbas. A ƙarshen Afrilun 2025 an soke tallafin AmeriCorps na kusan dala miliyan 400 dare ɗaya, wasu shirye-shiryen dattijai na ciki, sai da jihohi suka je kotu kafin aka dawo da wasu. Saboda haka ka samu ko da ɗan ajiya ne na ƙungiya da zai biya alawus na ƙarshe in aka tsaya kwatsam, ka riƙe lambar wayar kowa a takarda ba'a waya kaɗai ba, kuma duk fayil, na wanda ya bari da wanda ya rasu, a ajiye shi aƙalla shekara uku daga ranar da kuka miƙa rahoton kuɗi na ƙarshe, a kabad mai makulli domin akwai bayanan kuɗi da na lafiyar mutane a ciki.