Kafin ka saba da Sidni, saba da dutsenta

Idan ka sauka Sidni a Ostareliya, makonnin farko duk a takardu da neman ɗaki suke ƙarewa. Ranar da ka samu sarari, ɗauki katinka na Opal, wanda ake biyan kuɗin sufuri da shi, ka hau jirgin ruwa daga tashar Circular Quay zuwa unguwar Pyrmont. Daga nan yawon ƙafa ne, ba ka biyan kowa ko sisi.

Kusan duk garin a kan dutsen yashi yake zaune, dangin Dutsen Bima na Gombe. Wani ƙaton kogi ne ya tara yashin sama da shekara miliyan 200 da suka wuce, ya daskare ya zama dutse. Tsaya gaban bangon da aka yanke a gefen titi, ka ƙura masa ido. Za ka ga layuka sun karkata, wasu sun hau kan wasu kamar saƙar tabarma. Kowane layi tudun yashi ne da ruwa ya tura, kuma inda ya karkata nan ruwan ya nufa. Kusa da bakin ruwa kuwa akwai wuraren da suka rarake kamar saƙar zuma. Aikin gishiri da iska ne.

Unguwar nan ta Pyrmont ma'aikatar fasa dutse ce a da. Charles Saunders ya fara haƙa a 1853, har yau akwai titi da sunansa. Mafasan suka raɗa wa ramukansu uku suna gwargwadon wahalar aikin: mai sauƙin Aljanna, mai taurin Jahannama, ɗayan tsaka-tsaki. Ko ina ma'aikaci akwai shi da baki! Dutsen kan fito da launin toka, sai ƙarfen da ke cikinsa ya sha iska ya koma ruwan zuma. Da irinsa aka gina Queen Victoria Building, babban ginin shagunan da aka gama a 1898, wanda za ka riƙa wucewa kullum a tsakiyar gari.

Ni na fi son a ƙare a Giba Park, can saman dutsen, gadar Sidni na gabanka.

Sa takalmi mai riƙo, don jiƙaƙƙen dutse na da santsi. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafi a nan, kuma kada ka ce ai ka saba da ranar gida: ta nan tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa. Tafi da malafa da ruwa. Idan a wata unguwar ka ci karo da zanen kifi ko wata dabbar ruwa a jikin dutse, kamar na Balls Head, na mutanen asalin ƙasar ne. Ba a takawa.